Rumbun da ke Jikin Labule

Shagon hotona yana unguwar Nasarawa ta Kaduna, a bakin hanyar da ma'aikatan masaƙa ke bi idan sun tashi daga aiki. Sunana Nuhu, amma a unguwar in ba ka ce Mai Hoto ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. A shekarar 1985 abin da nake taƙama da shi ba kyamarata ba ce, don ita ta tsufa, sai an lallaɓa ta take aiki. Labulen da ke rataye a bango shi ne jarina.

Wani mai fentin manyan motoci a Kakuri, Ishaya, shi ya zana mini shi. Ɗan ƙaramin tsohon gari ne a gindin dutse, da ragowar ganuwa, da ƙorama mai duwatsun tsallakawa, da giginyu a tsaye. A gefen dama akwai wani gida da shingen kyarana, a ƙofarsa kuma wani ɗan rumbu mai jinka rawaya shar. Sauran masu hoto benaye da jiragen sama suke ratayawa, amma mutanena wannan suke so. Mutumin Filato zai ce kamar garinsu, na Binuwai ma ya ce haka, ni kuwa kowa sai in ce masa ai garinsu ne. A raina na ɗauka garin babu shi a duniya, daga kan Ishaya ya fito.

Wata Asabar Judith, wadda ke aiki a sashen zare na masaƙa, ta kawo mahaifiyarta. Ta ce tsohuwar ba ta taɓa yin hoto ba, ita kuma tana so ta samu na ajiyewa. Mama Saratu 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ta sha ɗaurin ɗankwali irin na zuwa coci. Na goge kujera, na ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta wuce ni ta tsaya a gaban labule, hancinta kamar zai taɓa shi.

"Mama, nan za ki kalla, wajen kyamara," in ji ni.

"Ba zan juya wa gidanmu baya ba," in ji ta.

Na yi dariyar da na saba. "Ai kuwa garinku ne, Mama."

Ta juyo ta yi mini wani kallo da ya sa dariyar ta maƙale. "Kai yaro, ba irin wannan nake faɗa maka ba. Tsaunin Gora ke nan. Ga inda muke wanki. Ga ƙofar da ake shigo da shanu. Wannan gidan ubana ne." Ta ɗora yatsa a kan ɗan rumbun. "Wannan kuma nawa ne."

Judith ta kama baki. Ta ce tunda aka haife ta uwarta ba ta taɓa kai su garin ba, ko sunansa ba ta cika faɗa ba. Ni kuwa ina da wani ciwo, ba na iya jin rabin labari in yi barci. Na ce wa wani da ke jiran layi ya dawo gobe fim ya ƙare, na jawo benci.

Mama Saratu ta ce a garinsu kowace 'ya mace in ta tasa ana gina mata ɗan rumbu a ƙofar gida, ta riƙa zuba accar da ta noma. Ko ta yi aure ta tafi, rumbun yana nan, kuma duk kaka mazan gidan za su baibaye shi da sabuwar ciyawa. Muddin jinkar sabuwa ce, to tana da wurin komawa. In kuwa gida ya sallama ta, ba a faɗa mata da baki, sai dai a bar rumbun ruwa ya cinye shi.

Ita kuwa tana budurwa ta bi 'yan mishan. Da lokacin bikin girbi ya zo ta ƙi dafa giyar da ake kai wa kakanni, ubanta ya ce ta zaɓa. Ta ɗaure kayanta ta gangaro, yayanta ya bi ta har bakin ƙorama yana kiranta, ba ta waiwaya ba. Daga nan sai Kafanchan, sai aure da ma'aikacin jirgin ƙasa, sai Kaduna. An fi shekara talatin. Ta ji mutuwar ubanta a bakin mutane, ba ta je ba.

"Me ya hana ki, Mama?" in ji Judith.

"Tsoro. In na je na tarar da tudun ƙasa a wurin fa? Gara in zauna ban sani ba." Ta sake kallon labule. "Amma duba, ciyawar nan sabuwa ce. Wanda ya yi zanen nan, yaushe ya gani?"

Wannan tambayar ce ta kai mu Kakuri washegari bayan sun taso daga coci. Muka tarar da Ishaya a kan tsani yana zana zaki a bayan wata motar katako, zakin kuwa ya fi kama da akuyar da ta sha duka. Ya sauko yana goge hannu a wando.

"Oga Nuhu, lafiya? Fentin ya ɓare ne? Ni fa no garanti."

Na yi masa bayani. Ya ce tabbas garin gaske ne. Shekarun baya kaɗan ya bi wata mota sayen citta, ta lalace a gindin dutsen, suka kwana suna jiran makanike. Don rashin abin yi ya hau wani tudu ya zana garin a bayan takardar siminti. Mama Saratu ta matso, ta tambaye shi jinkar rumbun, sabuwa ce ya gani ko tsohuwa.

Ishaya ya sosa ƙeya. Na ga yana neman amsar da za ta yi mata daɗi, na harare shi.

"Mama, gaskiya, da gawayi na zana. Gawayi ba ya nuna kala. Da na zo yin labulen, rawayan fenti ne ya rage mini da yawa a gwangwani, sai na zuba shi a nan. Abeg kada ki riƙe ni."

"Amma rumbun yana tsaye?"

"Ina jin yana tsaye. Ko kuma na ƙara shi ne don wurin ya cika. Mu masu zane muna yin haka."

Wallahi da ba don tsohuwa na wurin ba, da na kifa masa gwangwanin a kai. Mutum ya ɗauki zuciyar baiwar Allah ya rataya a kan ragowar fenti! Mama Saratu ta juya. Ta gyara ɗankwalinta, muka kama hanya. Sai da muka kusa rabuwa ta ce da ba ta ga labulen ba da ta ci gaba da zamanta lafiya, amma yanzu ta kasa. Za ta je ta gani da idonta, in tudun ƙasa ne ta san tudun ƙasa ne.

Ba wanda ya gayyace ni. Ni na gayyaci kaina, na ce ai tafiya irin wannan tana buƙatar mai hoto. Gaskiyar magana, so nake in ga garin da na daɗe ina sayar wa mutane ban taɓa taka shi ba.

Bayan an gama girbi muka tafi. Muka shiga bas da safe, daga inda kwalta ta ƙare muka hau a-kori-kura tare da buhunan gishiri da wata tunkiya da ta ƙi jinina. Da rana ta karkata direba ya sauke mu, ya nuna wata 'yar hanya, ya ce mota ba ta wuce nan.

Da muka zagaya wani kurmi sai ga shi. Na tsaya cak. Dutsen ya fi na labule girma nesa ba kusa ba, an yanka jikinsa hawa-hawa an tare da duwatsu, kowane hawa da kututturen acca da aka yanke. Ƙoramar tana nan, ruwanta garai-garai, ana ganin ƙananan kifi. Ganuwar ta zube a wurare, bishiyar ɗorawa ta fito ta tsakiyar wani ɓangare. Lungunan garin matsattsu ne, kyarana dama da hagu ta fi tsayin mutum, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ƙamshin citta ce da aka shanya a kan faffaɗan dutse. Ishaya bai zana ƙamshin ba, bai kuma zana wata 'yar coci mai rufin kwano da ke bayan kasuwa ba.

Ni sai tambaya nake yi kamar sabon ɗan makaranta. Me ya sa ƙofofin gidajen gajeru ne haka? Mama ta ce don mahari ya shigo a sunkuye. Waɗannan ramukan da ke jikin dutse fa? Ta ce nan kakanninta suka yi niƙa har dutsen ya lotsa. Tana ba ni amsa, amma na lura tafiyarta tana raguwa. Matan da ke daka suna gaishe mu da harshen garin, tana amsawa a hankali, ba wadda ta gane ta.

A bakin lungu na ƙarshe ta tsaya, ta ce ƙafarta ta riƙe. Ta ce ni in leƙa in faɗa mata. Na ce a'a, Mama, an riga an gaya miki labarin wurin nan da fenti sau ɗaya, ya isa. Judith ta riƙe hannunta, muka sha kwana tare.

Rumbun yana tsaye. Amma ba jinka a kansa sam, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Tsohuwar ciyawa baƙa tana zube a ƙasa a gindinsa.

Mama Saratu ta sulale ta zauna a kan dutse. "To," in ji ta. "Na gani." Ni kuwa na ji haushin kaina da na tono zancen tun farko.

Sai ga wani magidanci ya fito daga bayan gida, kansa ɗauke da wani abu kamar babbar malfa, har ya rufe masa fuska. Sabuwar jinka ce, ciyawarta rawaya kamar fentin Ishaya. Ya sauke ta a gindin rumbun, ya share gumi, ya yi mana sannu da zuwa da Hausa, ganin kyamara a wuyana. Ya ɗauka ma'aikatan gwamnati ne.

Bakina bai iya shiru ba. Na tambaye shi rumbun wa yake wa aiki.

"Na wata gwaggona ce. Ni ban ma san ta ba, kafin a haife ni ta tafi. Bana na makara, citta ta riƙe ni, sai jiya na sauke tsohuwar jinkar."

"In ba ka san ta ba, me ya sa kake wahala?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake cin abinci. "Babana ne yake yi duk shekara. Ko lokacin da kakanmu ya hana, in tsohon ya tafi gona sai Baba ya yi. Da ciwo ya kwantar da shi, shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ya ce mini kada in bari ruwa ya taɓa shi, mai shi tana hanya."

Mama Saratu ta yi wata magana da harshen garin, gajeriya. Ban ji ba, amma na ga mutumin ya saki igiyar ɗaurin jinka da ke hannunsa. Ta tambaye shi sunansa da Hausa, ya ce Istifanus. Ta maimaita sunan, sunan coci a gidan ubanta, ta dubi rufin cocin can ƙasa, ta yi wata dariya da ta koma kuka. Ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Gwaggo? Gwaggo, ke ce?" Ita kuwa sunan yayanta kawai take kira, wanda ya bi ta har bakin ƙorama. Ta zo, amma ba ta same shi ba, kuma wannan ba abin da zai gyara shi. Na juya ina goge gilashin kyamara da ba abin da ya same shi.

Kafin rana ta faɗi ni da Istifanus muka ɗaga jinkar muka ɗora, Mama tana daga ƙasa tana faɗa mana ta karkace. Gida ya cika da mutane. Na ce to, hoton da aka fasa a Nasarawa yau za a yi shi, kafin haske ya tafi. Aka kawo kujera, ta ce ba ta so. Ta je ta zauna a ƙasa a gindin rumbun, ta manna bayanta da jikinsa, ta dubi kyamara.

"Mama," in ji ni, "yau kuma kin yarda ki ba shi baya?"

"Ɗauki hotonka, Mai Hoto," in ji ta. "Shekara talatin ban samu abin jingina ba."