Gabas a Tsakiyar Dawa

"Ku lanƙwashe ƙahwar mana, ai ba icce ba ce," in ji Baba Maharazu daga cikin motar, muryarsa na fita da ƙyar. "Mai motar ba ta auna tsawona ba lokacin da za ta saye."

Khairiyya na tsaye riƙe da kujerar gaba da ta kifa. Motar ƙofa biyu gare ta, sai an kwantar da kujera ake samun hanyar shiga baya. Ɗansa Mas'ud ya shiga ta ɗaya ƙofar ya tallafo kansa, maƙwabcinsu Malam Yahuza na fama da ƙafafun. Da suka naɗe gwiwoyin, tsohon ya yi wani nishi da ya sa matan da ke leƙe ta zaure suka ja da baya. Aka kwantar da shi a gefensa na dama, fuskarsa na kallon gaba, kansa a bayan kujerar da matarsa Goggo Fatsuma za ta zauna.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan su Khairiyya da nasa a Kankara. Tsohon direban haya ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Kankara, Faskari da Sabuwa. Tun ranar da ta zo hutu daga Katsina, inda take aiki, da wannan 'yar farar motar, ya raɗa wa motar suna Kwanon Sha. Yanzu asibiti sun ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a, shi kuma ya ce gidansa Damari ne, can aka binne cibiyarsa. Direbobin tasha sun ƙi ɗaukar shatar Damari bayan azahar saboda halin da hanya ke ciki. Shi da bakinsa ya ce a roƙi ɗiyar maƙwabta.

Babu wurin Mas'ud a motar. Ya zagaya ta sau biyu kamar zai gano wata kujera da aka ɓoye, sannan ya ce zai yi gaba a babur ya sanar da dangi.

Kafin ta tayar, tsohon ya kira ta.

"Direba."

"Na'am, Baba."

"Na ga mutane da yawa sun cika bisa hanya, kowa da inda shi ka kallo. Wani yamma, wani ƙasa. Ni dai in abin ya zo kafin mu kai, ki tabbata ina kallon gabas. Shi ke nan roƙona."

"Haba Malam, mi ya kawo wannan magana," Goggo ta ce, tana gyara ƙullin kayan da ta ɗora a cinya don but ɗin ya cika da buhu ɗaya tak.

Khairiyya ta ce to. Ba ta iya musu da manya ba, kuma a lokacin abin bai yi mata kama da wani aiki mai wuya ba. Gabas ai gabas ce.

Motar ta sulale ta cikin lungun da ko amalanke sai an yi dabara yake wucewa, madubanta na kusan shafar bango. Baba Maharazu ya ji yadda ta fita ba ta gogi komai ba.

"Kin ga amfaninta ɗaya ke nan," ya ce. "Ta zo har ƙohwar ɗaki ta ɗauke ni kamar amarya."

"Ka dai yarda yau tana da amfani."

"Biyu ma. Wa zai wahalar da kanshi ya tare wannan? Ko sun tare, kunya za su ji."

Goggo ta yi tsaki, amma ta yi dariya a cikin mayafi.

Tun safe hadari ya rufe sama, bai zubar ba bai kuma washe ba. A kan kwalta motar ta yi ta tafiya lafiya, tsohon na ta lissafa mata laifuffukanta da ido a rufe. Cikinta a ƙasa yake kamar na ƙadangare. Babbar mota in ta wuce sai ta kaɗa ta. Mutum ba ya iya miƙe ƙafa, balle ya ɗauki surukai. Amma da ya tambayi man da ta sha daga Katsina, Khairiyya ta faɗa masa, sai ya buɗe ido.

"Ƙarya kike, ɗiyata."

"Wallahi, Baba."

"To lallai mu jakai muka yi ta tuƙawa."

Bayan sun wuce Faskari maganarsa ta fara raguwa. Da suka sauka daga kwalta suka hau burji, cikin motar ya riƙa gurzar ƙasa, kowane rami sai Khairiyya ta ji shi a haƙoranta. Ta rage gudu har masu keke za su iya cim mata. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ta fi motar nesa ba kusa ba, hanyar kuma sai lanƙwasa take yi, ta yi nan ta yi can. Ba su haɗu da kowa ba tun da suka bar kwalta.

Goggo ce ta fara ji. Ta juya ta miƙa hannu baya ta taɓa goshinsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Tsaya, ɗiyar nan."

"Nan, Goggo? Mas'ud ya ce kada mu tsaya a..."

"Na ce ki tsaya. Numfashin ya sake."

Khairiyya ta taka birki. Yanzu ita ma ta ji, wani ja mai tsawo, sai shiru, sai wani. Abin da ya fara zo mata shi ne su fito da shi su shimfiɗa a ƙasa. Ta fita ta kifa kujerarta, ta kama ƙafafunsa, sai ya yi ƙara, ƙafar kuma ta ƙi wuce bakin ƙofa. Maza biyu ne suka sa shi da ƙyar. Ta sake shi.

"Bar shi," Goggo ta ce. "Ba shi fituwa. Juya motar."

"In juya mu koma?"

"Ki juya ta ta kalli gabas. Ba gaba shi ka kallo ba? Inda hancin motar ya nuhwa, nan ya nuhwa."

Sai a lokacin Khairiyya ta ɗaga kai ta nemi rana. Sama fari fat take ko'ina, kamar an kifa ƙwarya. Babu inuwa ko ta kara ɗaya. A Katsina ba ta taɓa neman alƙibla ba, darduma na shimfiɗe a kusurwar ofis, masallatai kuma duk sun nuna hanya. Nan kuwa dawa ce gaba, dawa baya.

"Goggo, ina gabas ɗin take?"

"Ke da kika yi jami'a kike tambayata?" Goggo ta leƙa ta taga, ta nuna dama. "Can. Damari na gabanmu, in muna gida kuma hanyar Faskari na..." Ta tsaya. Ta nuna hagu. "A'a. Tsaya. Mun sha kwana wajen tsamiyar nan ko ba mu sha ba?"

Khairiyya ta ciro waya. Babu sabis. Ta buɗe manhajar alƙibla, kibiyar ta nuna cikin dawa ta hagu, ta yi rawa, ta zagaya ta nuna bayan mota. Rubutu ya fito yana cewa ta kaɗa wayar a iska. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana kaɗawa, hawaye na taruwa mata.

"Mi kike kora?" Goggo ta ce. "Mutum na tahiya kina wasa da waya. Shigo ki juya, dama ce. Na tabbata dama ce."

Ta shiga. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, amma motar ta juyu. Gaba kaɗan, baya kaɗan, karan dawa na karyewa a ƙarƙashin taya, sai ga hancinta ya shiga gonar dama. Goggo ta fara laƙƙana masa kalmar shahada, ta faɗa sau biyu, sai ta katse.

"Anya kuwa? In nan ce gabas, to da sahe rana bayan Damari take hitowa ke nan. Ba haka ba ne. Mayar da ita."

"Goggo, ke kika ce kin tabbata."

"To yanzu ban tabbata ba. Shekara nawa rabona da hanyar nan?"

Khairiyya ta sa ribas. Motar ta mutu. Ta sake tayarwa, ta manta da kuloci, ta yi tsalle ta sake mutuwa. Daga baya sai murya ta taso, a sarari fiye da yadda ta fita duk yinin.

"Salahu, kashe man mota za ka yi? Taka kuloci."

Ta kalli Goggo.

"Yaron motarshi ne na da," Goggo ta ce a hankali. "Ya daɗe da rasuwa. Amsa mashi."

"To, Baba."

"Kwashe sitiyari duka hagu. Duka. Yawwa. Zo baya. Zo. Zo."

Idonsa a rufe yake. Khairiyya ba ta san ko wace hanya yake gani ba, wannan ce ko wata ta shekarun da ba a haife ta ba, ko kuwa tashar Sabuwa ce yake gyara tsayuwa a cikinta. Amma babu wanda ya san hanyar nan kamarsa, kuma babu wani da ya rage ta bi. Ta yi baya har dawa ta rufe gilashin baya.

"Yanzu miƙe. Gaba kaɗan. Dama kaɗan."

"Malam, gabas muke nema hwa," Goggo ta ce. "Ka ji? Gabas."

"Na ji. Tsaya nan. Ya yi."

Motar ta tsaya a karkace, rabi a hanya rabi a gona, tana kallon wani wuri tsakanin inda Goggo ta fara nunawa da inda suka dosa tun farko. Khairiyya ta ja birkin hannu. Ta buɗe baki za ta tambaye shi ko ya tabbata, sai ta ga Goggo ta riga ta durƙusa a kan kujera ta juya baya, bakinta kusa da kunnensa. Ya bi ta da kalmar, rabin farko da sauti, rabin ƙarshe da leɓe kawai. Ya ja numfashi ɗaya mai tsawo. Suka jira na gaba.

Goggo ta shafe masa ido. Ta cire ɗankwalinta na ciki ta ɗaure masa haɓa, ta yi ƙoƙarin miƙe masa ƙafafu, suka tokare da jikin mota, ta bar su a naɗe. Ta yi salati, ta koma ta zauna daidai, ƙullin kayan a cinyarta.

Injin na ta ƙaramar ƙararsa, Khairiyya ta kashe shi.

"Ɗiyar nan."

"Na'am, Goggo."

"Ina muke kallo?"

Khairiyya ta dubi gilashi. Ganyen dawa ne kawai ya kwanta a kansa.

"Gabas, Goggo."

"Kin tabbata?"

"Shi ya ce ya yi."

"Haka ne," Goggo ta ce. "Shi ya ce." Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara motsi.

Ya kamata su tashi. Mas'ud na can yana duban hanya, wurin kuma ba na zama ba ne. Khairiyya ta kai hannu ga makulli, sai ta ga dawa ta motsa can gaba kaɗan. Wani dattijo ne ya fito da fartanya a kafaɗa da buta a hannu. Ya dubi motar da ke tsaye a karkace, ya dubi mata biyun da ke ciki, ya ɗaga hannu daga nesa bai matso ba. Ya ajiye fartanyar, ya tsuguna ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu a gefen hanya inda ciyawa ta kwanta saboda yawan tsayuwa. Bai duba sama ba, bai yi wani lissafi ba. Ya tsaya ya kabbara la'asar.

Khairiyya ta dubi bayansa, ta dubi hancin motarta. Ba wuri ɗaya suke kallo ba. Bambancin bai kai a ce sun ba gabas baya ba, bai kuma yi ƙanƙantar da za ta ce idonta ne ba. Ta yi ta auna shi, ko fuskar mutumin da ke kwance a gefe tana iya cike wannan ratar, ko kansa ya ɗan karkata a kan matashi ta wajen da ya dace. Ta leƙa madubi. Ba ta iya ganewa ba.

Ta tayar da motar a hankali, ta taka kuloci har ƙasa.

"Tahiya za mu yi?" Goggo ta tambaya daga cikin mayafi.

"Tukuna, Goggo. Taya ce ta hau kunya, zan gyara tsayuwa."

Ta yi baya kaɗan, ta murza sitiyari hagu, ta matsa gaba. Motar ta juyu cikin sauƙi, ba ta ko girgiza na kwance ba. Ta sake kashewa.

Goggo ba ta buɗe fuska ba. Yayyafi ya fara sauka ɗaya-ɗaya a kan gilashi. Can gaba dattijon ya yi ruku'u, 'yar farar motar na tsaye a bayansa daidai saitinsa, kamar ta bi shi sahu.