Yayen Zuhaira

Radiya ta sauka daga bayan kabu-kabu a bakin kasuwar Ollelewa, ta gyara mayafinta, ta ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa. Kwana tara ke nan rabonta da 'yarta. Haka yaye yake: a kai yaro wurin kakarsa, uwa ta ɓace masa har ya manta da nono. Ita a Tanut ta yi kwanakin, gidan gwaggonta, ƙirjinta ɗaure da zane. Yau za ta ɗauki Zuhaira. Gobe da hantsi su hau motar Agadas, daga can su kama doguwar hanyar hamada zuwa Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, inda mijinta Haris yake jiransu.

Shekararsu huɗu a can. Haris yana kwaɓa siminti wurin magina, ita tana wanki da goge-goge a gidan wata Balarabiya. A can aka haifi Zuhaira, kuma mahaifiyar Radiya, Inna, ba ta taɓa ganinta ba sai a hoton salula. Da yarinyar ta kusa shekara biyu, Inna ta aiko da saƙon murya: jikarta ta fari ba za a yaye ta a hannun baƙi ba. Wata biyu Haris yana ƙi. Ranar da ya yarda, abu ɗaya ya ce: "Ki je, amma ku dawo min tare."

Tun kafin ta kai ƙofar gida ta ji ihun wani yaro. Ta ɗauka na maƙwabta ne. Da ta leƙa ta kafar darni sai ta tsaya cik. An jingina dammunan hatsi jikin rumbu, awaki uku sun kewaye su, ga Zuhaira ba takalmi, riƙe da karan da ya fi ta tsawo, tana bin su.

"Ku tafi! Ku tafi!" take cewa, da murya mai kauri har tana shaƙewa. Akuya ɗaya ta juyo ta dube ta, yarinyar ta faɗi zaune, ta tuntsire da dariya.

Radiya ta daɗe a wurin kafin ta yi sallama.

Zuhaira ta yar da karan, ta rugo ta rungume ƙafafunta. Radiya ta ɗaga ta, tana shinshina wuyanta mai ƙamshin hayaƙi da man shanu. Yarinyar ba ta nemi nono ba. Ta dubi fuskar uwarta, ta dubi ƙofa, sannan ta ɗora ɗan yatsa a kan leɓenta.

"Mama," ta ce cikin raɗa. "Shiru."

Inna ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura. Suka gaisa, ta tambayi mutanen Tanut ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi. Sai da Radiya ta sha ta ajiye ludayi sannan tsohuwar ta ce, "Ƙawar tawa ta yayu. Kunu take sha, tuwo kuwa sai an ƙwace kwanon. Amma ina da tambaya."

"Ina ji, Inna."

"Na yaye yara sun fi goma a gidan nan, nawa da na dangi. Kowane sai ya yi kwana uku yana tsaga min kunne. Wannan ko uffan. Hawaye na zuba, baki a rufe. Rana ta biyu kawunki Barmo ya zo gaishe ni, ya ƙwanƙwasa ƙyauren langa-langa. Na waiga ban ga yarinya ba. Muka duba rijiya, muka duba garke, Barmo har ya fita titi. Ashe tana bayan randa a tsugune, hannu biyu a baki, ta jiƙa wandonta. Me kuka yi wa 'yar nan?"

Radiya ta dubi tabarma. Zuhaira na zaune a cinyarta tana wasa da bakin mayafi.

"Wasa ne, Inna. Babanta ya koya mata."

"Wane irin wasa?"

Ta yi bayani a hankali. Ba su da takardun zama. Unguwarsu duk baƙi ne irinsu, kuma masu kame sukan bi ɗaki-ɗaki suna bugun ƙofa. Idan ba a ji motsi ba, wani lokaci su wuce. Maƙwabcinsu Yahuza, mutumin Belbeji, kukan jaririnsa ne ya tona su, aka kwashe su da kayan jikinsu kawai. Tun daga ranar Haris ya fara wasan. Sai ya ƙwanƙwasa bango, su ukun su ruga bayan katifa su toshe baki, wanda ya fi daɗewa shiru a ba shi dabino. Kullum Zuhaira ce ke ci.

"A wurin aiki ma haka," Radiya ta ƙara. "Matar gidan ba ta son hayaniya. Ƙarƙashin tebur nake zaunar da ita har in gama."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ƙwaryar ta rufe da faifai.

"Kada ki ga kamar wahala kawai take sha," Radiya ta ce da sauri. "Tana shan madara kullum. Takalminta ƙafa uku. Ran Juma'a babanta yakan hau da ita saman soro ta ga tantabaru. Ba ya iya cin abinci sai tana kan cinyarsa, Inna, ko ya dawo a gajiye sai ya yi mata doki a tsakar ɗaki."

"Na yarda."

"Nan kuma in zazzaɓi ya kama ta fa? Ga sauro, ga ruwan rijiya."

"Nan ma yara na mutuwa, ban ɓoye miki ba. Uku na binne kafin in same ki." Inna ta nuna wani ƙullin zane a bakin ƙofar ɗaki. "Ga kayanta can, tun jiya na wanke na ɗaure. 'Yarku ce. Ban ce ki bar min ita ba. Tambaya na yi, kin kuma ba ni amsa."

Haka suka wuni. Radiya ta taya Inna surfe, ta yi wa Zuhaira wanka, ta tsefe mata kai. Duk inda ta sa ƙafa yarinyar na biye da ita, riƙe da gefen zaninta, tana tafiya a kan yatsu. Mata suka shigo yi mata barka da zuwa, kowace ta ce, "Ina mai bakin nan? Yau wa ya kama ta?" Zuhaira sai ta sunkuyar da kai.

Bayan azahar awakin suka dawo kan hatsi. Zuhaira ta gan su. Ta dubi karanta a ƙasa, ta dubi uwarta.

"Je ki kore su mana," in ji Radiya. "Je ki, uwata. Yi musu tsawa."

Yarinyar ta taka har gaban awakin, ta sake waiwayowa. Ta buɗe baki ta ce, "Ku tafi," a hankali, yadda ko akuyar da ke kusa da ita ba ta ɗaga kai ba. Ta dawo da gudu ta tsaya gaban Radiya, ta miƙa tafin hannu tana murmushi. Dabino take jira.

Radiya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta ɗan jima kafin ta fito da jajayen idanu.

Da la'asar salularta ta yi ƙara. A cikin gidan ba a samun rezo sosai, layi na yankewa, sai an fita bayan darni an hau wani ɗan tudu. Zuhaira ta yunƙura za ta bi ta, Inna ta kama hannunta. "Zo nan, ƙawata. Awakin nan sun raina mu, ni da ke. Ɗauko sandarki."

A kan tudun muryar Haris ta fito tar, da ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Maman Zuhaira, kun shirya? Na yi magana da direban Agadas, zai ba ku gaba saboda yarinya. Na share ɗaki, na toshe tagar nan da iska ke shigowa. Kin san me na samo mata? 'Yar kujera, ja, daidai ita."

"Madalla."

"Muryarki wani iri. Lafiya? Ta yayu kuwa?"

"Ta yayu."

"To ba ni ita in ji."

Radiya ta juya wajen gida. Daga bayan darni ihu ya riga ya tashi, da ƙarar kara a jikin rumbu, da dariyar Inna tana zuga ta. Ba ta kira yarinyar ba. Ta miƙa salular wajen darnin, ta riƙe ta haka na ɗan lokaci, sannan ta mayar kunne.

"Kai, 'ya'yan maƙwabtan nan akwai baki," in ji Haris yana dariya. "Matsa daga wurinsu, ki kira min tawa."

"Ita ce."

"Wa?"

"Zuhaira ce kake ji. Awaki take kora."

Injin ya ci gaba da juyawa a can nesa. Wani ya kira sunan Haris da Larabci, bai amsa ba.

"Haka muryarta take?" ya ce.

"Haka take. Ni ma yau na fara ji. Da ta gan ni ta daina." Radiya ta gyara riƙon salular. "Baban Zuhaira, ka ce mu dawo tare, ban manta ba. Ka yafe min. Gobe ni kaɗai zan hau motar."

Ta jira faɗa, ko roƙo. Ta duba ko layin ya yanke.

"Kina ji na?" ya ce daga baya.

"Ina ji."

"Kar ki kashe. Matsa kusa da darnin kaɗan, kada ta gan ki. Ɗaga salular sama."

Radiya ta sauko daga tudun, ta raɓe jikin karan darni, ta ɗaga hannunta sama.