Harajin Gidan Burodin Haladu

Haladu ya dire rasit a kan teburin ma'aikacin haraji yana haki, ruwan sama na ɗiga daga hularsa.

"Ga shi, Oga Pam. Tuni na biya a hannun mai unguwa. Ba ni takardar shaida in wuce."

Gobe Juma'a ake rufe neman kwangilar kai burodi wata makaranta a Kuru, kuma gwamnatin soja ta ce kamfanin da ba shi da shaidar biyan haraji kada ma ya ɓata takalminsa. Haladu kuwa don wannan kwangilar ya mai da gidan burodinsa na Kwararafa kamfani bara, har da allo mai rubutun zinare.

Pam ya juya rasit ɗin ya tuntsire da dariya. "Malam Haladu, wannan ai na kanka ne. Ina na kamfani?"

"Yo kamfanin ba ni ba ne? Ni ke kwaɓa fulawa, ni ke ƙone hannu a tanda!"

"A wajen hukuma kai daban, shi daban. Shi a kan ribarsa yake biya. In ya rufe shekara yana da wata shida ya kawo lissafinsa. Naka ya rufe a Disamba, ga mu a ƙarshen Yuni. In wata ya mutu sai tara, takarda kuma sai ka jira."

Sai Haladu ya tuna da takardun da akanta mai yi masa lissafi ya ba shi tun bazara, waɗanda ya cusa a jaka a zatonsa ƙaƙale ne na 'yan boko. Ya zaro su, duk sun sha fulawa. Pam ya kakkaɓe ya duba, ya ce kalau suke, a yau ma zai iya biya. Saura sa hannun darakta na biyu.

"Wane na biyu kuma?"

"Safara'u Haladu. Rabin kamfanin nata ne."

Kai, duniya! Ranar rajista lauya ya ce dole sai da suna biyu, shi kuma ya ba da na matarsa don kada wani ƙato ya shigo masa cikin dukiya. Ko faɗa mata bai yi ba.

"Uku da rabi muke tashi," in ji Pam.

Haladu ya haye babur ɗinsa besfa sai gida Dutse Uku. Ya tarar da Safara'u a tsakar gida tana suyar cincin.

"Sa mini hannu a nan, ba wani abu ba ne."

"Maigida, ban yi yaƙi da jahilci a banza ba." Ta goge hannu, ta bi layin da yatsa a hankali har ta iske sunanta. Da ya ga ba mafita, ya fayyace mata komai, kunya kamar ya nutse.

"Ashe! Ni ce kullum ake ce wa harkar shago ba ta mata ba ce? Sau nawa na roƙa a sa cincin ɗina a kantar shago aka hana?"

"Safara'u, don girman Allah, lokaci!"

"Kantar gaba nake so, ta bakin ƙofa."

"An ba ki."

Ta rattaba sunanta a natse, ta hura tawadar, ta miƙa masa tana murmushi.

"To yi sauri, maigida, kada ka ja wa kamfanina tara."