Baba Mai Ƙuda

Namadi mai tsire ne a bakin tashar Kebbe, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa. Ɗansa Suhaibu ya tafi karatu Turkiyya, da ya gama ya yi zamansa can. Aikinsa yanzu shiga gidajen abinci. A jera masa gasasshen naman rago da gurasa mai zafi, ya ci yana lumshe ido, yana yi wa masu kallon bidiyonsa bayani da Hausa. Duk wanda ya tsaya sayen tsire wajen Namadi sai ya ji labarin yaron nan.

Wata rana Suhaibu ya kira ƙanwarsa Ni'imatu.

"Ki ɗauko mini bidiyon Baba wurin aiki," ya ce. "Kewar gida nika yi."

Da Namadi ya ji, sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya share gindin tukubar, ya tsaya yana murmushi riƙe da tsinken nama. Ni'imatu ta tura. Suhaibu ya ce bai yi ba.

"Yadda yake kullum nika so. Kada ki gaya mishi. Kuma ki matso da wayar kusa da naman."

Ta ɗauka so ne. Ta laɓe bayan wata mota da rana tsaka ta ɗauko shi cikin tsohuwar singileti, yana share gumi da bayan hannu, yana barbaɗa ƙuli, ƙudaje na sauka a kan ɗanyen nama.

Namadi bai san bidiyon ya fito ba sai ranar da ya je Tambuwal sayen raguna. Yana sauka daga mota wani ɗan acaɓa ya nuna shi, ya kwashe da dariya.

"Wallahi shi ne! Ga Baba mai ƙuda!"

Samari suka kewaye shi, ɗaya ya miƙa masa waya. A gefe guda ga Suhaibu cikin kwat, wani mai farar hula da safar hannu yana yanka masa nama a faranti. A ɗaya gefen ga shi Namadi, an rage gudun hoton daidai inda ƙuda ya sauka. Muryar ɗansa tana cewa, "Ku dubi yadda mutane ke cin nama, ku kuma dubi ƙazantar da wani tsoho ke sayarwa can wajenmu."

Namadi ya kalla har ƙarshe. Ya mayar da wayar, ya yi godiya, ya koma Kebbe ba rago.

Ciniki ya ja baya. Malaman makaranta da suka saba tsayawa bayan la'asar suka riƙa ɗaga hannu daga kan babur suna wucewa. Sai ga ma'aikatan duba-gari sun zo, suka ce bidiyon ya kai ga manyansu, an ce sun zubar wa gari mutunci. A gaban mutanen tasha suka kwarara wa naman kananzir, suka rushe tukubar. Babbansu ya ci tsiren Namadi shekara da shekaru, ranar ko kallonsa bai yi ba.

Da yamma Ni'imatu ta kira Suhaibu tana kuka, ta juya wayar wajen mahaifinsu. Suhaibu na zaune a wani gidan abinci, hayaƙin gashi na tashi bayansa, bakinsa duk maiƙo.

"Suhaibu," in ji Namadi, "mi ya sa ka ce wani tsoho? Ba ka gaya musu ni ne ubanka ba?"

"Haba Baba, wagga harka ce ta aiki, ba ka ganewa. Ai dama ya kamata ka huta." Ya tsoma gurasa cikin romo, ya tauna. "Ba ni Ni'imatu."

Ta karɓa.

"Lokacin da sunka zuba kananzir ɗin," ya ce, ya rage murya, "kin ɗauka? Mutane na ta tambayar mi ya faru da tsohon."

Ta kashe wayar.

Bayan sati biyu Namadi ya samu aiki a Fakku, wajen wani mai balangu da a da yaronsa ne. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ya zauna bayan rumfa yana yanka albasa, kada ya fito inda masu saye za su gan shi. Ya ce ya yarda.