Ajiyar Issoufou

Ranar da aka rubuta izala da jan fenti a bangon gidan Gwaggo Ɗaso a unguwar Nakkasa, alamar za a rushe shi, na ajiye tasi a ƙasa na hau dutsen da gidan yake kai da ƙafa ina haki. Ƙanwar mahaifina ce. Ni a Makka aka haife ni, ina da takarduna, ita kuwa ko iƙama, takardar izinin zama, ba ta da ita. Na daɗe ina roƙon ta har bakina ya gaji, ta sauko wajenmu a unguwar Shisha ko ta koma Damagaram inda danginta suke kiran ta. Amsar ɗaya ce kullum: mai ajiya bai dawo ba.

Tana amarya suka zo hajji ta hanyar Sudan da mijinta Nasrullahi. A hanya suka haɗu da wani Issoufou, wanda ban da sunansa ba su san komai nasa ba. Da za a fita Arfa ya ba Nasrullahi wani ƙulli a ɗinke cikin farin yadi, ya ce a riƙe masa sai ya sauko. Bai sauko ba. An duba asibitoci, an tambayi alhazai, shiru. Nasrullahi ya ce amanar da aka ba mutum a Makka, a Makka ake mayar da ita. Suka jira hajjin baɗi, suka jira na bayansa, takardu suka mutu. Da Nasrullahi zai rasu, maganar ƙullin ya bar mata.

Ranar nan da na hau, na same ta a kan tabarma, kaya a ɗaure, ƙullin a cinyarta. Na ɗaga shi na ji nauyin ƙarfe, na ce wallahi ba zan sa abin da ban sani ba a motata, ga shurɗa, 'yan sanda, a kowace hanya. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta miƙo mini reza, na farke ɗinkin.

Bindiga ce 'yar ƙarama, ba ta cika tafin hannuna ba, duk tsatsa ta cinye ta. Ga 'yan harsasai kamar ƙwayar gyaɗa, sun yi kore, an buga 6.35 a gindinsu. Na ɗauki hoto na nema a waya, na karanta mata abin da na gani. Irinta a Beljiyam aka fara ƙerawa fiye da shekara ɗari, don attajiran Turai su sa a aljihun falmaran, matansu su jefa a jaka. Daga baya maƙeran Sifen suka yi ta kwaikwayo, ta yi arha ta bazu ko'ina. Na ce wataƙila ta hannun Faransawa ta shigo ƙasar su Gwaggo, Issoufou ya riƙo ta don 'yan fashin hanya, ya kuma ji nauyin hawa Arfa da makami.

Ta tambaya ko tana harbi. Na ce an rubuta ko tana sabuwa harsashinta ba shi da ƙarfi sosai, yanzu kuwa sai dai a danne takarda da ita.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ita ko kuka ba ta yi ba, tana ta kallon abin.

Na ce zan kai wa hukuma da kaina, in ce a gidan rusau aka same ta, ba sai sunanta ya fito ba. Ta jawo yadin gabanta.

"Khalas, shi ke nan, Mukhtaru, kai musu," ta ce. "Amma bar mini yadin. In ya zo, in nuna masa ban yar ba."

Ta ninke shi ta cusa a cikin kayanta. Na tambaye ta ina zan kai ta, Shisha ko in fara neman hanyar Damagaram.

"Shisha," ta ce. "Ka bar wa maƙwabta lambarka, kar ya zo ya tarar da fili."