Dubu Ɗari da Ɗaya

Shekara uku Haulat na yawo da takardar shaidar malanta a jaka, har gefenta ya fara cinyewa. Shi ya sa da aka kira ta gwajin koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Ƙofar Marusa, tun bakwai na safe ta isa. Gurbi ɗaya ne tal, su biyu ke nema, ita da wata Ramla.

Ita aka fara shigarwa. Mai makarantar, Alhaji Gwadabe, tsohon dillalin shanu ne, bokonsa bai taka kara ya karya ba, amma ya kafe sai shi zai yi tambaya, kuma da Hausa. Shugaban malamai, Malam Sule, ya miƙa masa takardar tambayar da ya rubuto da kalmomi, ba da lamba ba. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, sannan Alhaji ya gyara tabarau.

"Malama, dubu ɗari da ɗaya, cika ce ko mara?"

Kai, wannan ai tambayar 'yan aji uku ce. Wadda biyu ta raba daidai cika, wadda ta bar saura mara.

"Mara ce, ranka ya daɗe."

"Cika ce," in ji Malam Sule, ko ɗago kai bai yi ba.

Kan Haulat ya ɗaure tamau. Lambar da ta ƙare da ɗaya, ta yaya ta zama cika? Ko zaman gidan ne ya cinye mata ƙwaƙwalwa? Tsoro ya kama ta sosai. Ta nemi alli, ta rubuta 100,001 a allo. Ta nuna biyu ba ta raba ta, uku ma haka, biyar ma haka, sai sha ɗaya ce ke shiga cikinta sau 9,091 ba saura.

Malam Sule ya taso a fusace, ya rubuta 101,000 a ƙarƙashi. "Ga abin da aka tambaye ki."

Ta karanta tata a fili, dubu ɗari da ɗaya. Ta karanta tasa, dubu ɗari da ɗaya. Ikon Allah.

Alhaji ya dubi allo, ya dubi takarda, ya cire tabarau ya mayar. "To, ni abu guda na karanta. Wace ce tawa a ciki?"

Aka ce Haulat ta jira a waje, aka kira Ramla.

Ko minti biyar Ramla ba ta yi ba ta fito tana murmushi, wai ran Litinin za ta fara. Haulat ta bi ta har bakin ƙofa.

"Don Allah, 'yar'uwa, mi kika ce musu? Cika ko mara?"

"Ni ban ma amsa ba. Na hango lamba biyu a allo, sai na ce, ranka ya daɗe, wacce daga ciki? Alhaji ya ce ai irin malamar da yake nema ke nan."

Haulat ta dubi yatsunta. Farin allin bai ma fita ba.