Sai Baba Wendell Ya Sake Jifa

Ranar da Renata Sobol ta tabbatar tsohon ya warke, ranar ce hankalinta ya tashi.

Ta daɗe tana bin digirin digirgir a fannin nazarin ɗabi'a. Ta cinye darussa, ta cika sa'o'in horo a ƙarƙashin idon malamai, ta tsallake jarrabawar da ta kori rabin ajinsu. Saura binciken ƙarshe, shi kuwa ya rataya ne a wuyan mutum guda: Wendell Tarbox, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune a wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Baba Wendell ba shi da aiki sai jifa. Da an ajiye masa abinci zai sunkuci kwano ya auna bango ko bayan ma'aikaciya, duk wanda ya fi kusa.

Renata ta yi ta zama a kusurwa tana latsa 'yar na'urar ƙirge har ta kamo bakin zaren: babu mai yi wa tsohon magana sai in ya yi jifa. Ta tsara wa ma'aikata su riƙa tsayawa suna taɓa hira da shi tun kafin hannunsa ya kai ga kwano. Jifa ya ɗauke ɗif.

Da murnarta ta kai wa malaminta, Farfesa Hollis Brandvold, zanen sakamakon. Ya dube shi ta saman tabarau, ya tuna mata abin da ta riga ta sani: a fanninsu warkewa ba hujja ba ce. Sai ka janye maganin, cutar ta dawo, ka mayar da shi, ta sake tafiya, sannan kwamiti zai yarda aikinka ne, ba sauyin mai girki ba.

Aka janye. Ma'aikata suka koma ajiye kwano su juya. Renata ta zauna da na'urarta tana jiran ƙarar tangaran.

Shiru kake ji.

Ashe tun da kwanuka suka daina tashi sama, wata tsohuwa mai suna Opal Dunnigan, wadda mijinta ya rasu, ta jawo kujerarta teburin Wendell. Kullum suna musu kan karta da kan wanda ya fi wani ciwon gwiwa. Wa ya damu da hirar ma'aikata? Renata ta roƙi kicin suka dafa kabejin da tsohon ya tsana. Ya tura wa Opal nasa, ya ɗauke mata burodi. Renata ta koma gida tana jin kunyar kanta.

Farfesa bai ga abin wahala ba. Ya ce wannan matar ce ta gurɓata binciken, a mayar da ita wani tebur. Ya ƙara da cewa kwamiti zai zauna kafin dusar ƙanƙara ta narke. In zanen bai nuna jifa ya dawo ba, sai ta nemo sabon mai jifa ta faro daga tushe.

Ta je da niyyar ɗauke kujerar. Ta tarar Opal tana goge wa Wendell miya a gemu tana ce masa ƙazamin tsoho, shi kuma yana dariya har da tari. Renata ta fita baranda, ta kira yayarta a waya, ta fashe da kuka. Ta zayyana mata komai, ta ce ba za ta iya raba su ba, digirin ya tafi ke nan. Ba ta kula da wata da ta tsaya hutawa a bayanta da sandar dogarawa ba.

Da Farfesa ya ji ta kasa, ya ce zai zo da kansa. Dama ƙa'ida ce a samu mutum na biyu ya yi nasa ƙirgen daban. Ya iso lokacin abincin rana cikin farar riga da lakataya ɗaure a wuya, ya wuce kai tsaye teburin. Cikin ladabi irin na mai littattafai, ya shaida wa Opal cewa an tanadar mata wuri mai kyau kusa da taga.

"Ɗan nan, wa ya aiko ka?" in ji Opal.

"Ilimi ne, Iya," ya ce, ya kama bayan kujerarta.

Wendell ya ajiye cokalinsa. Ya dubi kwanon miyar tumatir, ya dubi farar rigar, kamar mai auna nisan tasha. Kwanon ya sauka daidai ƙirjin Farfesa.

Renata ta daskare. Farfesa kuwa, miya na bin lakatayarsa, ya juyo da fuska tana walƙiya.

"Latsa, Renata. Me kike jira? Latsa."

Ta latsa. Dankali ya biyo baya, sannan kofin madara. Farfesa yana kaucewa yana ƙirga nasa, yana cewa bai taɓa ganin ɗabi'a ta dawo da tsabta haka ba. Can sai Opal ta ɗauki nata kwanon, ta ce ita ma ba za a raina ta ba, ta jefi Farfesa da shi a kunne. Ya dafe wurin, ya ce wa Renata ta rubuta, ga mai jifa na biyu sun samu, kwamiti zai haukace don daɗi. Ya nufi banɗaki yana ɗiga, yana lissafin mujallar da za su aika wa.

Ma'aikata suka kawo tsumma. Renata ta durƙusa tana tsince fasassun kwanuka. Za ta zama Dakta. Gobe za a mayar da hirar ma'aikata, jifa ya sake ɗaukewa, zane ya cika.

Opal ta jawo kujerarta ta mayar inda take, ta gyara wa tsohon wuyan riga. Wendell ya sunkuyo wajen Renata, ya rage murya.

"'Yar nan, ya isa, ko a ƙara? Opal ta ce kin yi kuka a baranda. Kafaɗata dai ba kamar da ba ce."

Renata ta dubi ƙofar banɗaki, inda ake jin ruwa na zuba da Farfesa yana 'yar waƙa. Ta dubi na'urar da ke hannunta. A duk darussan da ta yi, an koya mata ta ƙirga abin da ido ya gani ne kawai, ba abin da ke cikin zuciyar mai yi ba.

"Ban ji me ka ce ba, Baba," ta ce.

Ta tura masa kwanon kayan zaƙi kusa da hannunsa na dama, ta koma kusurwarta.